Ƙafar Nyagale da Tafiyar Bamako

Segu, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Korotumu, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya jikin Inna? Yaya zaman jinya? Da ƙaninki ya buga waya ya ce an fito da ita daga ɗakin tiyata har ta nemi a ba ta kunu, sai na yi ta hamdala. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki ce mata surukinta ya ce ta daure ta riƙa taka ƙugun nan yadda likita ya ce, kada ta yi masa gardama irin taku ta dangin Tarawele.

Kin tambaya me ya sa nake rubutu alhali ga waya. Wayar ƙauyenku sai an hau tudun bayan makaranta ake samunta, gidan nan kuma kin san shi, in na yi tari a ɗaki ana jina a madafa. Ban da haka ma, da takarda na same ki, ban ga dalilin dainawa don gemu ya fara fari ba. Direban motar Sikaso zai riƙa ajiye miki ita a shagon ƙaninki.

Yanzu ki gyara zama ki ji. Takarda ta zo daga Bamako. An kira Nyagale zaɓen 'yan ƙwallon kwando mata 'yan ƙasa da shekara sha shida, ranar sha bakwai ga Mayu. Yara arba'in aka kira, za a yi kwana biyar ana gwada su safe da yamma, a ɗauki sha biyar. Shekara sha tara ina koci a filin nan, ina busa usur har muryata ta koma ta jaki, ba a taɓa kiran yarinya ko ɗaya daga hannuna ba. Yau an kira, kuma 'yata ce ta cikina. Na karanta takardar sau uku a tsaye, na shiga ɗakin ajiye ƙwallaye na rufe ƙofa na yi hawaye. Kada ki gaya wa kowa.

Kin tuna Sitan, 'yar mai gyaran babur na bakin kasuwa, wadda ta tafi karatun kula da lafiyar 'yan wasa? Ta dawo, shugaban ƙungiya ya haɗa ni aiki da ita. 'Yar'uwarki ce, Tarawele, saboda haka ba sai na ba ki labarin bakinta ba. Ta zo da wani tsari: kullum kafin atisaye, kowace yarinya za ta amsa tambaya huɗu. Yaya barcinta, yaya gajiyarta, akwai ciwo a jiki ko babu, yaya ranta. Kowace tambaya a ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar, biyar shi ne lafiya ƙalau. Wadda makinta ya yi ƙasa a rage mata aiki ranar nan, wadda nata ya cika a ba ta cikakke. Wai jiki ba a lokacin atisaye yake ƙara ƙarfi ba, a lokacin hutu ne. Na ce to, an yi karatu.

Tsarin bai yi mini muni ba, abu ɗaya na gyara. Ita so take kowace yarinya ta rubuta a takarda ta naɗe ta miƙa mata. Na ce yaran da na raina tun ƙwallo ta fi kansu girma, ba za a sa takarda tsakanina da su ba. Jera su nake yi, in bi su ɗaya bayan ɗaya in tambaya da bakina. Ta ce, "Jara, kai da ko sannu sai ka faɗe ta da tsawa, wa zai gaya maka gaskiya?" Na ce, "Je ki ci wakenki, ki bar manya su yi aiki." Ta ce ai a gidan Jara aka fara dafa shi. Haka muke kullum, wasan dangi ne tsakanin Jara da Tarawele, kowa na ce wa ɗaya maciyin wake.

'Yarki kuwa ƙarfe ce. Biyar, biyar, biyar, biyar, ashirin cif kowace rana. Da na ga haka na ce tunda jiki ya ba da, bari mu karɓa. Na ƙara mata gudun safe a yashin bakin kogi, da tsalle ɗari biyu a kan akwati, da jifa ɗari uku bayan kowa ya tashi. 'Yan Bamako dogaye ne, ba za mu kai su tsawo ba, sai dai mu fi su numfashi.

Gida kada ki sa shi a ranki. Ban san yadda yarinyar nan take yi ba, amma ban taɓa farkawa ban tarar da ruwan wanka da kunu ba. Autarmu Tenin ta yi ta kukan nemanki kwanakin farko, yanzu wurin yayarta take kwana, ban ƙara jin motsinta ba. Jiya na ga Nyagale tana ɗan ɗingishi a matakalar fili, ta ce takalmi ne ya matse ta. Gobe zan kai shi a buɗa.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida ƙannenki da matansu. Ɗaki ya yi mini faɗi.

Naki har kullum,
Zumana Jara

Segu, 21 ga Afrilu

Korotumu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina fatan ƙugu yana ƙara sauƙi kuma zafin nan bai takura muku kamar yadda ya takura mana ba. Kafin ki karanta komai, ki riƙe wannan: Nyagale tana nan, tana cin abinci, tana tafiya, ƙashinta bai karye ba. Ki sake karanta layin nan sannan ki ci gaba. Na san ki.

Ranar Laraba da yamma na jera yara kamar kullum. Da na zo kan Nyagale ta ce biyar, biyar, biyar, biyar. Na ce ta ɗauko akwatin tsalle. Sitan tana zaune a benci tana naɗe bandeji, sai ta miƙe ta zo tsakiyar fili, a gaban yara, a gaban dattawan nan masu shan shayi a gindin katanga, ta rusuna mini har ƙasa ta ce, "Jara, barka da yamma. Yaya jiki?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta ce, "Ƙarya kake, tsohon maciyin wake. Yau kwana goma kana tafiya kana dafe baya kamar mai tsohon ciki. Kai da shekararka arba'in da tara, ni ƙanwar bayanka na tambaye ka ka ce lafiya lau. To yarinya 'yar sha biyar, ubanta ya tsaya a kanta da usur a wuya, ƙawayenta suna saurare, me kake so ta ce? A gidan wa aka taɓa yi wa babba ƙorafi in ya tambayi lafiya? Ba tambaya kake yi musu ba, gaisuwa kake karɓa."

Koro, da wani ne ya yi mini haka a filina, ko shugaban ƙungiya ne, da ranar nan ya bar wurin. Amma Tarawele ce, abokiyar wasa, ba ni da ikon yin fushi ko da ta ɗora mini ƙafa a ka. Dattawa suna ta dariya har ɗaya ya ƙware da shayi, ni ma dole na buɗe haƙora.

Ta kira Nyagale ta zaunar da ita a benci, ta miƙe mata ƙafar hagu, ta bi ƙashin ƙwauri da babban yatsa a hankali. Da ta zo wani wuri, kamar taƙi ɗaya sama da idon sawu, ta danna. Yarinyar nan benci ta riƙe da hannu biyu, hawaye suka zubo, fuskarta ko motsi. Sitan ta ce ta tashi ta yi tsalle da ƙafar nan kaɗai. Ta ɗaga ta dama, ta tsaya, ta dube ni. Ba ta yi tsallen ba.

Washegari muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan ƙashi sai Asabar yake zuwa, saboda haka kwana biyu muka yi muna jira. Ban gaya miki a waya ba don ban san abin da zan ce ba, ki yafe mini. Ranar Asabar ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini wani ɗan layi kamar silin gashi. Ya ce ƙashin ya gaji ne, an yi ta dukansa ba a ba shi lokacin gyara kansa ba, ya fara tsagewa amma bai ratsa ba. Ya ce da an ƙara mako biyu a haka, da zancen ƙarfe da kusoshi muke yi, wataƙila ma ta yi sallama da ƙwallo. Na ce alhamdu lillahi sau nawa ban sani ba, har likitan ya ce in zauna.

Mako uku ba gudu ba tsalle, sannan ta fara sassarfa kaɗan-kaɗan. Na tambaye shi zancen Bamako, ban ji kunya ba. Ya ce shi dai ransa bai so ba. Amma in ta yi mako guda tana sassarfa babu ciwo ko kaɗan, a je a gwada. In akwai ciwo ko yaya yake, tafiyar nan za ta karya ƙafar. Ya ƙara da cewa ciwo ba ya fitowa a hoto, mai ƙafar kaɗai ta san shi.

Da muka fito, Sitan ta sa ni na zauna a inuwar mangwaro, ta ce wa Nyagale ta faɗi yadda take wuni tun daga tashi. Ƙarfe huɗu take farkawa, don famfo kafin asuba kawai yake kawo ruwa. Ta cika randuna, ta dama kunu, ta yi wa Tenin wanka, ta fita gudun da na ɗora mata, ta wuce makaranta. Da rana ta biya kasuwa ta dawo ta yi girki. Ƙarfe huɗu na yamma tana fili har magariba. Ta dawo ta ɗora tukunya, ta wanke kwanuka, ta buɗe littafi saboda jarrabawar Yuni. Tenin kuma ashe ba ta daina kuka ba, goya ta take yi tana zagaya tsakar gida don kada in farka. Barcin awa huɗu da rabi. Abinci kuma sai ta zuba mini, ta ba ƙanwarta, ta ci abin da ya rage. Ni ina ƙirga tsalle nawa ta yi a fili, ban taɓa ƙirga bokiti nawa ta ɗauka ba. Aikinki duka ya koma kanta, ni kuma na rubuto miki ina yabon ruwan wanka.

A gida na ce mata, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Baba, a gaban mutane ka tambaye ni."

Na ce, "To a gida fa?"

Ta ce, "A gida ba ka tambaya ba."

Na san abin da ke ranki, kina so ki haɗa kaya ki hau motar gobe. Kada ki zo. Inna ba ta da mai ɗaga ta sai ke, kuma ɓarnar nan ni na yi ta, ki bar ni in gyara. In kina da faɗa ki rubuto shi duka, zan karanta a tsaye.

Ki gaida kowa. Yara suna gaishe ki.

Mijinki mai laifi,
Zumana

Segu, 10 ga Mayu

Uwar Nyagale,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Inna ta taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya da sanda ɗaya, Allah ya ƙara ƙarfi. Takardarki ta iso, shafi huɗu, na karanta a tsaye kamar yadda na yi alkawari. Ban ƙi ko kalma ɗaya ba, sai dai wurin da kika ce duk 'yan gidan Jara haka suke. Kakana mutumin kirki ne.

Yanzu ni ke tashi ƙarfe huɗu in tari ruwa. Matan layinmu sun mai da ni abin kallo, har wata ta ce in zo a ɗaura mini zane. Girkin rana maƙwabciyarmu Masitan ta ɗauke mana, Allah ya saka mata, na dare kuma ni ne. Ranar farko na yi miyar gyaɗa, Tenin ta ɗanɗana ta ce, "Baba, wannan miya ce ko magani?" Yanzu an samu ci gaba, tana cin rabi. A ɗakina take kwana, in ta farka ni ke goyo. Ban san bayan ɗan'adam yana da wurare masu ciwo da yawa haka ba.

Nyagale kuwa kwana biyun farko sai ƙarfe goma ta tashi, har na je na kara kunne in ji ko tana numfashi. Ta ɗan yi kumatu. Ita ake fara zuba wa abinci, da kifi da ƙwai da nono, yadda Sitan ta tsara. Amma fushi take yi da ni. A fili tana zaune a kujera tana jifa daga zaune, in na zo gyara mata hannu sai ta ce "to, Koci," ba ta cewa Baba.

Batun tambayoyi, na sauka daga kai. Sitan ta ce takarda ma yara suna tsoronta, don ana gane rubutu. Sai ga ta da mudun wake da gwangwanin tumatir huɗu. Na ce, "Shi ke nan, Tarawele ta kawo abincin gidansu wurin aiki." Ta ce, "Na kawo ne don shi kaɗai Jara yake iya ƙirgawa." Ta jera gwangwanayen a ɗakin ƙwallaye. Kowace yarinya ta shiga ita kaɗai, ta zuba ƙwayar wake daga ɗaya zuwa biyar a gwangwanin kowace tambaya, ta fito. Sitan ta shiga ta ƙirga ta juye. Ni ba a gaya mini dalilin kowa, sai dai a ce wance da wance yau a sassauta musu.

Ranar farko, cikin yara sha takwas, sha ɗaya makinsu bai kai sha biyu ba. Yaran da suka yi wata guda suna ce mini biyar! Daga baya Sitan ta ɗan tsegunta mini ba tare da suna ba: wata tallan ruwan sanyi take yi tun daga tashi makaranta har lokacin atisaye, wata mahaifiyarta na kwance, wasu kuma ciwon mara ne na wata, wanda ko za a yanka su ba za su gaya wa namiji ba. Yanzu kashi uku nake raba su: masu cikakken aiki, masu rabi, da masu jifa da miƙe jiki kawai. Raina yana sosuwa in na ga yarinya a zaune ana atisaye, halin shekara sha tara ba ya fita a mako uku. Ranar Asabar mun buga da 'yan Markala, sun ci mu da maki uku. Amma kin san yadda yaranmu suke narkewa a zangon ƙarshe. Wannan karon har aka busa tashi suna gudu.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne wannan. Jiya Nyagale ta fara sassarfa, ta kuma fara zuba wake. Ashirin cif, jiya da yau. Sitan ta karya dokarta ta gaya mini, don ta ce ita kanta ba ta sani ba ko gaskiya ce. Ta danna wurin, yarinyar ko ƙifta ido. Amma kin san 'yarki, in ta shirya, ko wuta aka sa mata ba za ta motsa ba. Kuma ta san abin da likita ya ce, ta san biyar ce tikitinta.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ina so ya zama gaskiya ce. Ina so ƙwarai, har ina jin kunyar kaina, kuma ina tsoron ta gani a fuskata. Baɗi ta wuce shekarun wannan zaɓe, na gaba sai na 'yan ƙasa da sha takwas. Na kama mana kujera biyu a motar safiyar Asabar. Ki sa Inna ta yi mana addu'a, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ba abin da ni nake so ba.

Naki,
Zumana

Segu, 24 ga Mayu

Korotumu, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da gaisuwar mutumin da ya yi barci ya ƙoshi. Yaya Inna, yaya mutanen gida, yaya ruwan farko da na ji an ce ya sauka a wajenku? A waya na ce miki ba mu tafi ba, na ce sauran bayani sai a takarda. Ga shi. Amma fara da na jiya: an sake ɗaukar hoto, likita ya ce ƙashi yana haɗewa sosai, layin nan ya kusa ɓacewa. Mako uku nan gaba za ta koma atisaye a hankali. Ƙafar 'yarki ta tsira.

Makon tafiya duka ashirin ta yi ta zubawa. Ranar Juma'a Sitan ta sa ta tsalle da ƙafa ɗaya, ta yi sau biyar, fuska kamar an shafe ta da siminti. Ba mu da hujjar hana ta. Ranar Asabar da sassafe na bar Tenin wurin Masitan, na goya Nyagale a babur muka nufi tasha. Sitan ta riga mu zuwa, don ita za ta mayar da babur gida, da ƙunshin ƙosai a hannunta wai guzuri. Har an ɗora jakarmu a saman mota an ɗaure.

Da aka fara kiran suna, Nyagale ta zo hawa. Matakalar motar nan doguwa ce. Na ga ta ɗaga ƙafar dama, nauyinta ya koma kan ta hagu, sai ta riƙe ƙarfen ƙofa ta ɗan tsaya. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, ba wanda ya lura. Bakina har ya buɗe zan ce "lafiya?" a gaban fasinjoji, kuma na san amsar da zan samu. Na haɗiye. Na ce ta zo mu sayo ruwa.

Na ja ta bayan rumfar mai shayi inda ba kowa. Ban tambaye ta komai ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, na dubi ƙasa, na ce, "Nyagale, bayana yana ciwo, ya fi wata guda. Jiya ban runtsa ba. Tsoro nake ji, kuma ina kewar uwarki. In da wake ne, yau biyu zan zuba a kowane gwangwani."

Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa ɗa ƙorafi ba, ubana ma bai taɓa yi mini ba. Sai na ji kamar na tuɓe riga a kasuwa. Direba yana ta danna oda. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Nawa ma biyu ne, Baba. Na gwangwanin ciwo. Tun Laraba yake dawowa in na yi gudu."

Na ce, "To."

Ta ce, "In na daure kwana biyar kawai..."

Na ce, "Kin daure da yawa. Ya isa."

Ta ce, "Shekara sha tara kana jira."

Na ce, "Ni na jira, ba ƙafarki ba."

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba tun tana ƙarama, da murya, baki buɗe. Koro, ban san yadda zan gaya miki ba, 'yata tana kuka a gabana, abin da muka yi wa wahala yana shirin tashi ya bar mu, ni kuwa ƙirjina sai ya yi sakayau kamar an sauke mini buhu. Ta faɗa. Da bakinta ta faɗa, ba wanda ya danna mata ƙashi.

Direba ya yi ta mita da aka ce a kwance igiya a sauke jaka ɗaya, na ba shi haƙuri ya ƙi haƙura, na ƙyale shi. Sitan ta dube ni, ta dubi Nyagale. Na jira baƙar magana, yau kam na shirya mata. Sai kawai ta karɓi jakar ta ɗora a ka ta ce za ta biyo mu da ita. Na buga wa masu zaɓe waya na gaya musu gaskiya. Sun ce Allah ya ba ta lafiya, sun rubuta sunanta don gaba. Ko sun rubuta ko ba su rubuta ba, Allah ya sani, ban sa rai ba.

A hanyar komawa ta rungume ni ta baya tana sheshsheƙa har rigata ta jiƙe. Wajen kwanar kasuwar kifi na ji kanta ya yi nauyi a kafaɗata, hannuwanta sun fara saki. Barci ya ɗauke ta a kan babur. Na riƙe hannayenta biyu da hannuna ɗaya a cikina, na rage gudu har masu keke suna wuce mu, har wata mai jaki ta wuce mu. Haka muka isa gida.

Ta yi kwana uku ba ta son zancen ƙwallo, ranar da aka fitar da sunayen sha biyar ɗin ma ta shige ɗaki ta rufe. Ban bi ta ba. Da la'asar ta fito da kanta ta tambaye ni ko yau za a je fili.

Ƙaninki ya ce ranar biyu ga wata za ki taso, tunda matarsa za ta karɓi jinyar Inna. Ki hau motar safe, kada ki tsaya sayen tsaraba. Za mu zo tasha mu uku, kuma Nyagale da ƙafafunta za ta tako ta tarbe ki. Ta ce ita za ta ɗaukar miki kaya. Na ce ta ɗauki ƙaramar jakar.

Ki gaida Inna, ki yi mata godiyar addu'a. Allah ya kawo mana ke lafiya.

Naki da ke ƙirga kwanaki,
Zumana Jara